Matasanmu Kirista a Legas: kafin mu ɗora wa wayar hannu laifi

Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba a cika ganinsa a shafukan jaridun Hausa ba, wato halin da matasan Kirista masu jin Hausa suke ciki a birnin Legas. Na san yawancin masu karanta jaridarka Musulmi ne, amma ban ga wannan ya hana ba, domin unguwa ɗaya muke zaune, kasuwa ɗaya muke ci, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Mu da ake kira Kiristocin Arewa a nan ba ƙabila ɗaya ba ne. Akwai Bajju da Kataf daga kudancin Kaduna, akwai Birom da Angas da Tarok daga Filato, akwai Margi da Bura da Higi da mutanen Chibok daga Borno da Adamawa, akwai Tangale da Sayawa da Bachama da mutanen Zuru, sannan akwai Hausawa tsantsa daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau waɗanda kakanninsu suka karɓi bishara. Abin da ya haɗa mu shi ne da Hausa muke sujada, da ita aka yi mana baftisma, da ita muka haddace Addu'ar Ubangiji tun muna Makarantar Lahadi. Aikin soja da na ɗan sanda ne ya kawo iyayen wasunmu barikokin Ikeja da Ojo da Obalende, wasu kasuwa ta kawo su Mile 12 da Agege da Alaba Rago, sai kuma ayarin baya-bayan nan da rikicin Boko Haram ya koro, musamman a 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, Gwoza da Mubi suka faɗi, har hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi ta shiga hannun 'yan ta'adda. Saboda haka idan aka ce matasanmu, ana nufin wanda aka haifa a Legas, Yarbanci da Turancin buroka suka fi zama a bakinsa, ana kuma nufin wanda ya sauko daga motar tumatir jiya jiya da jaka ɗaya a hannu.

Duk taron dattawa ko na zumuntar mata da aka yi a kan waɗannan yara, magana ɗaya ake maimaitawa. Ana cewa wayar hannu ta lalata su, TikTok da Instagram sun ɗauke musu hankali, waƙoƙin zamani sun kore waƙoƙin yabo daga bakinsu, 'yan mata sun daina ɗaura ɗankwali, samari sun koma askin banza. Ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ina da ido. Amma ra'ayina shi ne mun bar jaki muna dukan taiki. Yaron da ya yi nisa da ikkilisiya a wannan gari, kafin waya ta same shi, wasu abubuwa sun riga sun raba shi da mu, waya ta tarar da shi ne a inda muka bar shi.

A fara duba yadda Legas take cinye lokacin mutum. Uban da ke zaune a Ikorodu ko Sango, yana aiki a Apapa ko Tsibirin Victoria, kan bar gida tun kafin asuba saboda cunkoson motoci, ba ya dawowa sai yara sun yi barci. Addu'ar iyali ta safe da ta yamma, wadda muka tashi da ita a ƙauye har muke ɗaukar ta wani ɓangare na cin abinci, ta mutu a gidaje da yawa ba don an yi ridda ba, sai don babu sa'ar da uba da uwa da yara suke farke a ɗaki guda. Na saurayin da ya zo neman kuɗi kuwa ya fi haka muni. Mai gadi a rukunin gidajen Lekki yakan kwana a bakin ƙofa ya wuni a bakin ƙofa, kuma ranar Lahadi ce maigidan ya fi buƙatarsa, domin shi zai buɗe wa iyalin gidan ƙofa su tafi nasu cocin, ya rufe, ya koma kan bencinsa. Yarinyar da dillalai suka kawo aikatau daga ƙauyen Filato ko Taraba takan yi watanni ba ta taka ƙofar majami'ar da ake jin yarenta ba. Waɗannan yara ba su bar sujada ba, an hana su ne. Abin da ya rage musu shi ne wayar nan da muke zagi, kuma a cikinta wa'azi da batsa da tallar caca duk a jere suke zuwa, babu mai tsayawa kusa ya ce musu wannan hatsi ne, wannan ƙaiƙayi.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ba mu cika faɗinsa a fili ba, shi ne kunya. Matashinmu a Legas baƙo ne sau biyu. Idan ya shiga cikin mutanen gari, da zarar sun ji harshensa sai su ɗauke shi Musulmi, su kira shi malam ko aboki cikin sigar raini, idan kuwa ya ce shi Kirista ne sai a yi ta mamaki, har wani ya tambaye shi yaushe ya tuba, alhali kakansa mai bishara ne. Idan ya koma cikin 'yan uwansa 'yan Arewa a kasuwa ko a tasha, za a ci tuwo da shi, a yi raha da shi, amma akwai inda zance kan kai ya gane cewa ba a lissafa shi cikakken ɗan gida ba. Babba yana iya ɗaukar wannan, domin ya san kansa. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ba ya iyawa. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya ɓoye sunan gidansu a makaranta yana amfani da na Turanci kaɗai, ya hana mahaifiyarsa yi masa Hausa a gaban abokansa, ya ce shi ɗan Abuja ne. Daga ƙin harshen sai ƙin cocin da ake yin harshen, domin a idonsa cocin masu gadi ne da 'yan acaɓa da matan bariki. Ba koyarwar ikkilisiya ya bincika ya ga ta kasa ba. Talaucin masu zama a kan bencin ne ya ba shi kunya.

Wannan kunya kuwa rashin sani ne ya haife ta, kuma mu iyaye da shugabanni ba mu ba su labarin ba. Yara nawa ne a cikin zumuntar matasanmu suka san cewa a nan Legas ɗin da suke jin kansu baƙi ne Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent suka sauka a watan Disamba na 1893 da nufin kai bishara ƙasashen Arewa, Bingham bai ma cika shekara 21 ba, kuma kafin shekarar 1894 ta ƙare biyu daga cikinsu sun mutu? Daga wannan aiki ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Mishan ɗin SUM, wanda ikkilisiyar COCIN ta samo asali daga gare shi, ya kafa sansaninsa na farko a Wase a 1904, Lutheran suka fara a Numan a 1913, mishan ɗin 'Yan'uwa kuma, tushen EYN, a Garkida a 1923. Dakta Walter Miller, wani ɗan mishan, ya zauna a Zariya tun 1905, daga baya aka koma Wusasa, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wusasan nan ce ta fitar da Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, a can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, wanda ya mulki Nijeriya daga barikin Dodan a nan Legas daga 1966 zuwa 1975. Bayan Turawan, akwai ɗimbin masu bishara 'yan ƙasa da suka yi ta tafiya a ƙafa da keke, suna noma da hannunsu suna koyar da karatu da yamma, waɗanda su ne ainihin suka kafa ikkilisiyoyin ƙauyukanmu. Ban kawo waɗannan don alfahari ba. Na kawo su ne domin yaron da ya san cewa bangaskiyarsa da harshensa sun fi shekara ɗari suna tafiya tare ba zai sunkuyar da kai don an ji yana addu'a da Hausa ba. Amma a Makarantar Lahadi muna koya musu sarakunan Isra'ila da na Yahuza ɗaya bayan ɗaya, ba mu taɓa gaya musu wanda ya fara kawo bishara ƙauyen kakansu ba.

Batun kuɗi ya zo ya haɗu da wannan. Legas gari ne da ake auna mutum da abin da ya hau da abin da ya sa, kuma matasanmu ba makafi ba ne. A watan Fabrairu na 2020 gwamnatin jiha ta taƙaita sana'ar acaɓa, sannan daga 1 ga Yuni 2022 ta haramta ta gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa. Ko me mutum zai ce game da dalilan gwamnati, samarinmu da yawa da babur suke ci, da shi suke aika wa iyayensu da ke gudun hijira ɗan abin masarufi. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara tsadar komai. Saurayin da aka ƙwace wa babur, ya wuni a gidan kallon ƙwallo, shagon caca na maƙwabtaka da shi, sa'ansa kuma da ya shiga damfarar intanet ya zo da mota, me muka tanada masa? An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma tiramadol da sauran ƙwayoyi ba su ɓace daga lungunan unguwanninmu ba. A irin wannan hali ne wa'azin a shuka iri yau a girbe mota gobe yake shiga kunne, domin ya yi daidai da lissafin mai caca: a zuba kaɗan, a jira sa'a. Abin takaici, mu ma ba mu tsira ba. Idan saurayi marar sana'ar da kowa ya sani ya kawo wa coci baikon kuɗi mai kauri ranar godiya ko ya ɗauki nauyin rufin majami'a, ba a tambayar inda ya samo, sai a kira sunansa a tafa masa. Ƙannensa suna zaune suna kallo, kuma darasin da suka ɗauka a ranar ya fi wa'azin wata guda ƙarfi.

Bari in ba da misalin yadda muke rarraba hankalinmu. A wata ikkilisiya da na sani, majalisar dattawa ta zauna daga bayan sujada har gab da magariba a kan wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa da aka ga hotonta a Facebook sanye da wando. An kira uwarta, an kira shugabar zumuntar mata, an buɗe ayoyi, an yi gardama a kan ko wata uku za a sa ta ƙarƙashin horo ko wata shida, yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta. Wandon kuwa kayan aikin kantin da take sayar da kaya ne. A wannan watan, saurayin da ya shekara yana buga wa mawaƙan nan ganga ya daina zuwa, domin an kama babur ɗinsa, mai gidan haya ya fitar masa da kaya, yana kwana a wani kangon gini. Sunansa bai shiga ajandar zaman ba. Ban ce a daina horo ba, ikkilisiyar da ba ta tsawatarwa ta zama kulob. Amma matasa suna lura da abin da ke tara dattawa da abin da ba ya tara su, daga nan suke yanke hukuncin abin da addinin ya ɗauka da muhimmanci.

Muna yawan ƙorafin cewa manyan cocin zamani, irin waɗanda suka kafa sansanoni a kan babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, suna kwashe mana yara. Ina da abin da ban yarda da shi ba a koyarwar wasu daga cikinsu, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da ya je can, a makon farko an rubuta sunansa, an kira shi a waya, a mako na uku an ba shi kyamara ko na'urar sauti ya riƙe, an sa shi a ajin koyon kwamfuta, an nuna masa yadda ake rubuta takardar neman aiki. A wurinmu mutum yana da mata da 'ya'ya uku ana ce masa yaro, aikinsa jera kujeru da kafa rumfa, idan ya ɗaga hannu a taron ikkilisiya a ce ya bari manya su gama. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya bari a raina shi saboda ƙuruciyarsa, mu kuwa mun mai da rainin tsari.

A kan harshe, na ji ɓangarori biyu kuma ban ga wanda ya gamsar da ni ba. Wasu dattawa sun ce a tilasta wa yara sujadar Hausa ko suna ji ko ba sa ji. Wasu matasa masu ilimi sun ce a rushe ta kawai, tunda a Legas muke. Abin da aka yi a wurare da yawa shi ne a raba: Hausa da sassafe, Turanci daga baya, ko akasin haka. Sakamakon shi ne ikkilisiya biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, ta iyaye da masu aikin ƙarfi, da ta 'yan makaranta da ma'aikatan ofis, suna wuce juna a bakin ƙofa, har ɗan jami'a da ɗan acaɓan da suka fito gari ɗaya ba su san sunan juna ba. Wannan ba sabuwar matsala ba ce. Sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta nuna yadda aka samu gunaguni a Urushalima tsakanin masu bi da ke jin Helenanci da masu jin Ibrananci a kan rabon abincin gwauraye, kuma manzanni ba su ce wani ɓangare ya bar harshensa ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Abin da nake ganin ya dace da mu shi ne a riƙe sujadun biyu, amma a riƙa haɗuwa wuri ɗaya don Jibin Ubangiji, a karanta nassi da harsunan biyu, a kuma buɗe ajin karatun Hausa ga yaran da aka haifa a nan. Littafi Mai Tsarki na Hausa yana cikin waya kyauta, har da na saurare. Wayar da muke kuka da ita tana iya zama allon wannan aji.

Akwai wani haɗari kuma da ya kamata in faɗa ko da zai yi wa wasu 'yan uwana ɗaci. Wasu matasanmu, musamman waɗanda suka ga an kashe nasu ko an ƙone musu gari, Kiristancinsu ya koma fushi zalla. Ba sa zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki, ba sa addu'a, amma su ne kan gaba wajen zagin Musulmi a WhatsApp da Facebook, suna yaɗa hotunan gawawwaki ba tare da sanin daga ina suka fito ba. Raunin da ke zuciyarsu na gaskiya ne, kuma wanda bai binne nasa ba kada ya yi saurin yi musu wa'azin haƙuri. Duk da haka, sunan Leah Sharibu, wadda aka sace a Dapchi a watan Fabrairu na 2018 aka ƙi sakinta saboda ta ƙi barin bangaskiyarta, ya fi ƙarfin a mai da shi makamin zage-zage. Abin da aka san ta da shi riƙe Almasihu ne. Ikkilisiyoyinmu suna buƙatar mutanen da aka horar su zauna da irin waɗannan samari su saurare su, domin wa'azi daga kan bagadi ba ya isa inda ciwon yake.

A nan ne nake da magana da 'yan uwanmu Musulmi da sarakunan Hausawa na unguwannin Legas. Lokacin rikicin Mile 12 a watan Maris na 2016, da duk wani tashin hankali irinsa, mai neman ɗan Arewa ba ya tsayawa tambayar ko Bitrus ne ko Bashir. Ƙwayar da ke haukata ɗan wannan ita ke haukata ɗan wancan, kuma a shagon caca ɗaya suke asarar kuɗin cefane. Zai yi kyau a riƙa sa wakilan Kirista a kwamitocin al'ummar Arewa na kasuwanni da unguwanni, a kuma ja kunnen masu jifan yaranmu da kalmar arna, domin kowace irin wannan kalma tana ƙara tura yaro ga masu cewa ba shi da kowa a cikin mutanensa.

Ga shugabannin ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da LCCN da sauran ikkilisiyoyin da ke da rassa a Legas, shawarata ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. A shirya gajeriyar sujada a tsakiyar mako, da rana ko da yamma, kusa da inda masu gadi da 'yan aikatau suke, tunda Lahadi ba tasu ba ce. A riƙe rajistar duk saurayi ko budurwar da ta sauka daga gida, fastocin can su riƙa ba su takardar gabatarwa kamar yadda ake yi a da, a nan kuma a haɗa kowane da iyali guda da zai san inda yake kwana. Membobi masu gareji da shagon ɗinki da aikin walda da gyaran waya su ɗauki almajirai daga cikin zumuntar matasa, a cire wani kaso daga kuɗin gini a sayi kayan aiki ga wanda ya gama. A ba matasa kujera mai ƙuri'a a majalisar ikkilisiya. A kuma sassauta bukukuwan aure, domin tsadar lefe da ɗakin taro da anko ta sa da yawa suna zaman dadiro, mu kuma muna jiran ciki ya fito mu sa su horo.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon idan wakilinka na Legas zai sake zagaya Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 don jin halin 'yan Arewa, ya leƙa majami'un da ake sujada da Hausa, ya zanta da matasan da kansu, da wanda ke zuwa da wanda ya daina. Za su faɗa masa abubuwan da ba sa faɗa mana mu dattawa, kuma za mu so mu karanta su a jaridarka.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani dattijon ikkilisiya,
Agege, Legas.